Ruwa ya kwana a kan harsasai da firama: a shanya ko a haƙura?

Sani Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga iyayenmu maharba ce da duk wanda ya san kayan bindiga. Ruwan daren Talata ya cika rafin Aboabo a nan Kumasi ya shigo gidaje, ɗakin Baba ya sha ruwa har gwiwa, kuma sai da gari ya waye ya janye. A ƙarƙashin gado akwai kwali huɗu na harsashin farauta mai lamba 12, masu girman ƙwayar dalma BB da AA, kowane kwali guda 25. Uku sun nutse gaba ɗaya. Na huɗun yana kan akwati, fantsama kawai ya samu, kwalin ya ɗan jiƙe ta gefe. Akwai kuma wani faranti na firama, wato ɗan ƙoƙon nan na gindin harsashi da wasu ke ce wa kaf, an rubuta 209 a jikinsa. Wani ne ya bar wa Baba tun da daɗewa, bai taɓa amfani da su ba. Su ma sun nutse.

Mun goge komai mun shanya a inuwa kwana uku, a ido ba su da wani aibi. Baba ya ce tunda sun bushe a ajiye masa zuwa Disamba idan an buɗe farauta. Maƙwabcinmu ya ce ruwa ya riga ya kashe su, a zuba a bola kawai. Bindigar mai baki ɗaya ce, tana da lasin. Wa ya fi gaskiya a cikinsu?

Malam Iddi Tafo:

Wa alaikumus salam Sani. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. A gaida Baba.

Maganar maƙwabcin ta fi haɗari, don haka da ita zan fara. Ba lallai ne ruwa ya kashe firama ba. Sau da yawa yana sa ta barci ne kawai, kuma ba ka san yadda za ta farka ba.

Ka duba yadda aka gina ta. Ɗan ƙoƙo ne na tagulla, a cikinsa an danna wani magani da nauyinsa bai wuce na ƙwayar shinkafa ɗaya ko biyu ba, an rufe shi da siririyar takarda, sannan an ɗora wani ɗan ƙarfe mai tsini a kai, wanda aikinsa ɗaya da uwar maƙera. Idan ka ja kunama, allurar bindiga ta bugi ƙoƙon ya lotsa, maganin ya matsu tsakanin ƙoƙo da 'yar maƙerar nan, sai ya tashi, wutar ta bi ta ɗan rami ta kama hodar da ke cikin kwanso. A mafi yawan firamar zamani maganin haɗi ne: akwai led istifnet wanda shi ke jin bugu, akwai bariyam naitiret da ke ba wutar iska, akwai antimoni salfaid da ke ci ya ƙara zafi, sai ɗan abin ɗauri irin su ƙaro da ke riƙe su wuri ɗaya.

To ga inda maganar take. A masana'anta ma a jiƙe ake kwaɓa wannan magani, a jiƙe ake zuba shi a ƙoƙo, saboda a jiƙe ba ya saurin tashi. Sai an gama an busar da shi yake zama mai rai. Ka ga ke nan jiƙewa da bushewa ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Firamar da ta sha ruwa ta bushe tana iya tashi da ƙarfinta idan an buge ta ko ta ji wuta. Wanda ya zuba ta a bola yana cewa matacciya ce, ya ajiye wa yara da masu ƙona shara tarko.

Amma wannan bai ba Baba gaskiya ba. Jiƙewar masana'anta da ruwa mai tsabta ne, gwargwado, kuma ba abin da ke fita daga cikin ƙoƙon. Ruwan ambaliya shiga yake ya fita. Bariyam naitiret yana narkewa a ruwa kamar gishiri, sai ruwan ya tafi da wani ɓangare nasa ko ya tara shi gefe ɗaya. Ƙaron ya yi laushi, curin maganin ya tsage ko ya goce daga ƙarƙashin tsinin maƙera. Takardar ta kumbura ta ɗaga. Bayan bushewa, a faranti ɗaya mai guda 100 za ka samu wadda za ta tashi lafiya, da wadda ba za ta ce uffan ba, da wadda za ta ba da wuta mai rauni, da wadda za ta yi shiru ta tashi daga baya. Biyun ƙarshen su ne masu raunata mutane, kuma ba ido ko yatsa da zai bambance maka su. Sheƙin da kuke gani a waje, kallon kitse ne ake yi wa rogo.

Ita 209 ɗin ta fi firamar bindigar raifal rufuwa, don ƙoƙon da maƙerar suna cikin wani gida na biyu, ramin wutar kuma an toshe shi da takarda ko ɗan shafin fenti. Wannan yana tare laima da raɓa. Ba a yi shi don kwana a cikin ruwan kwata ba. Gidan nan na waje galibi ƙarfe ne da aka yi wa wanka da jan ƙarfe, shi ya sa bayan 'yan makonni za ku ga tsatsa ta fara cin bakinsa.

Ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasan farauta ta Amurka, SAAMI, ta yi bayani a kan wannan tambaya kai tsaye: harsashin da ya nutse a ruwa kada a yi ƙoƙarin ceto shi, kada a harba shi, a bi hanyar da ta dace a rabu da shi. Masu sayar da kayan ne da kansu suka ce ba su amince da shi ba.

Gargaɗi biyu kafin wani ya yi dabara. Kada a kai su kusa da murhu ko kurfoti, kada a baza su a kan kwanon rufi da rana don su yi saurin bushewa. Kuma idan kwalin farantin ya lalace, kada a juye firamar a gwangwanin madara ko kwalba. An yi farantin da rami-rami ne don kowace ta zauna ita kaɗai. Idan suka haɗu a wuri ɗaya, ɗaya ta tashi, duka za su tashi tare.

Baba Maharbi Ejura:

Malam Iddi ya gama da firama. Bari in ɗora da harsasan, tunda su ne Baban naka zai sa a bindiga.

Ɗana, kwanson roba yana ruɗar mutane. Robar ba ta shan ruwa, amma harsashin farauta yana da ƙofa biyu. Ta farko bakinsa, inda aka nannaɗe robar kamar tauraro mai ƙafa 6 ko 8, ko aka murɗe baki a kan ɗan faifan kwali. Tsakiyar tauraron nan ba kowane kamfani ke liƙe shi ba. Ta biyu zagayen firama da inda roba ta haɗu da gindin ƙarfe. Ruwan sama da ya zuba ya gangare ba ya samun lokacin shiga. Ruwan da ya tsaya a kai awa bakwai ko takwas yana dannawa a hankali, kuma idan ya shiga fitarsa ta fi shigarsa wuya. Kwana uku a inuwa waje ne kawai ya bushe.

Abin da ke ciki daga ƙasa zuwa sama: firama, sai matashin gindi wanda a wasu harsasan na takarda ne da aka naɗe, sai hoda wajen giram ɗaya da rabi zuwa biyu, sai toshiya ta roba ko ta zare, sai ƙwayoyin dalma wajen giram 32 zuwa 36. Hodar zamani ba irin albarushin adaka ba ce, ba ta narkewa a ruwa, amma tana riƙe danshi, ta dunƙule, ta ƙi kamawa gaba ɗaya. Idan firama mai rauni ta haɗu da hoda mai danshi, abin da za ka ji shi ne "fus" maimakon ƙara. Dalmar ta fita ta zube nan kusa, toshiyar ta tsaya a tsakiyar bututu. Maharbi da dare, fitila a goshi, akranti, wato babban ɓeran dajin nan da ake farauta, na gudu, sai ya karya bindiga ya sa wani ba tare da ya leƙa ba. Harsashin lamba 12 na yau da kullum ƙarfinsa a cikin bututu yana iya kaiwa bar 740 (bar awon matsi ne) bisa ma'aunin Turai, tayar mota kuwa bar 2 da ɗan wani abu take ɗauka. Wannan ƙarfin idan ya ci karo da toshiya, bututun ya kumbura ko ya yage, kuma hannun hagu a nan yake riƙe. Matashin gindi na takarda ma idan ya sha ruwa yana saki ya bi bayan dalma ya maƙale, ko da harbin ya yi ƙara daidai.

Saboda haka ko da sabon harsashi ne, ga ƙa'idar da ba a karyawa. Idan ka ja kunama ka ji "ƙyas" ba ta tashi ba, kada ka karya bindigar, kada ka juyo ta. Bakinta ya ci gaba da kallon inda ba mutum ba kare, ka ƙirga aƙalla daƙiƙa 30, minti ɗaya ya fi. Sannan ka buɗe, fuskarka nesa da gindin. Idan ta tashi lokacin da ka riga ka buɗe, kwanson ne zai fashe a fuskarka. Idan kuma ƙarar ta yi rauni ko bugun kafaɗa ya yi sanyi, ka tsaya, ka cire kwanso, ka leƙa bututun ta gindi ka ga haske zagaye cif. Mai baki ɗaya ta sauƙaƙa wannan, daƙiƙa biyu ne. Bindiga mai famfo kuwa sai an fitar da duk harsasan sannan a zura sanda.

Wasu alamun da za su fito nan da Disamba: gindin harsashi da kuke ce wa tagulla, ku sa masa maganaɗisu ku gani, yawancinsu ƙarfe ne. Zai yi tsatsa ya kumbura, ya ƙi shiga mazauninsa ko ya shiga ya ƙi fita. Duk harsashin da sai an danna shi da ƙarfi kafin bindiga ta rufu, ba a harba shi. Dalma kuma tana yin farin gari ta manne da juna, ta fita a dunƙule.

Kwali ukun nan a haƙura da su.

Awudu Suame:

Baba Maharbi, da girmamawa, ina ganin an ɗan tsananta. Harsasan roba na yanzu mutane na shiga daji da su a tsakiyar damina, su jiƙe a aljihu, su tashi lafiya. Masu harbin agwagwa a Turai a cikin ruwa suke wuni. Guda 75 ba ƙaramin kuɗi ba ne a wannan lokaci. Me zai hana a ɗauki biyar daga kowane kwali a gwada a daji, idan sun tashi daidai a yi amfani da sauran?

Malam Iddi Tafo:

Awudu, rabin maganarka daidai ne, kuma ta shafi kwali na huɗu. Wanda fantsama kawai ya samu, a fito da su daga jiƙaƙƙen kwalin, a goge ɗaya bayan ɗaya da busasshen ƙyalle, a duba baki da gindi. Wanda ba tsatsa, ba kumburi, bakinsa a rufe, idan an girgiza ana jin dalma na motsi, a bar shi ya sha iska a ɗaki kwana biyu, a sa masa alama da alƙalami, a fara amfani da shi kafin sabo. Wannan ba wanda ya hana.

Gwajin biyar-biyar kuwa lissafinsa ba ya fita. A ce a kwali mai 25 guda biyu ne ruwa ya lalata. Idan ka zari biyar ido rufe, damar ka kauce wa biyun nan duka ta kai 63 cikin 100. Wato kusan sau biyu cikin uku gwajin zai ce maka lafiya lau, alhali miyagun biyun suna cikin 20 da suka rage, kuma yanzu ka saki jiki da su. Gwaji irin wannan yana aiki ne idan kayan duk halinsu ɗaya, kamar buhun shinkafa. A nan kowane harsashi da irin ruwan da ya sha. Ban da haka, lalacewar ba ta tsaya ba. Wanda ya tashi a Oktoba ba shi ne shaidar na Disamba ba, don danshin da ya maƙale a ciki yana ci gaba da aikinsa.

Ka kuma tuna ruwan Aboabo ba ruwan tafkin agwagwa ba ne. Da fitsari a ciki, da sabulu, da baƙin mai, da abin da ya fito daga masai. Amoniyar fitsari tana tsaga tagulla. Sojojin Ingila a Indiya sun ga haka tun zamanin mulkin mallaka, harsasan da suka ajiye a bargar dawaki lokacin damina suka riƙa tsagewa, sai a 1921 aka gano fitsarin dawakin ne. Mai kuma yana ratsa inda ruwa bai kai ba. Kuɗin harsashi 75 a ajiye shi kusa da kuɗin ɗinkin hannu da sabon bututu, kada garin neman gira a rasa ido.

Sani Aboabo:

Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Baba ya ji, ya yarda da ƙyar. Saura yadda za mu rabu da su. Wani ya ce a jiƙa su a baƙin mai ko a fesa musu WD-40 su mutu, sannan a binne. Wani ya ce a yanke su a cire dalmar a sayar wa 'yan kondem, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Wanne ya fi?

Ustaz Bashiru Asawase:

Babu ko ɗaya, ƙanena.

Mai yana iya kashe firama, yana iya ƙin kashe ta. Idan shafin fentin da ke kanta bai fashe ba, sai ta yi makonni a cikin mai ta fito da ranta. Abin da ba ka da tabbacin ya mutu ba ka binne shi a gidan haya inda gobe wani zai haƙa rami ko yara su tono. Wuta kuma kada ma a fara. Harsashin da ba ya cikin bindiga idan ya ji wuta ba ya harbi kamar daga bututu, amma yana fashewa, ƙoƙon firama da gutsattsarin gindi su yi tsalle, sun isa su tsiyayar da ido. Hayaƙin ma na dalma ne. Kada a ba mai aboboya, wato mai babur ɗin kwashe shara, don shararmu ƙarshenta ko wuta ko hannun masu tsince-tsince. Yanka harsashi da wuƙa ko zarto a tsakar gida kuwa, ga hoda a warwatse, ga kurfoti, ga firama da ba a san halinta ba. Dalmar guda 75 ba ta kai kilo uku ba, ba ta kai wannan kasadar ba.

Hanyar da ta dace ita ce ta 'yan sanda. Baba da kansa, tunda sunansa ne a lasin, ya fara zuwa ofishin da yake sabunta takardarsa hannu wofi, da lasin ɗin kawai. Ya yi bayani, ya tambayi ranar da wurin da za a karɓa. Kada wani yaro ya ɗauki leda cike da harsasai ya hau taksi, a tare shi a hanya ba takarda, labari ya canja. Ranar kaiwa a jera su a busasshen kwali, a cusa takarda tsakani don kada su yi ta karo, firamar a barta a farantinta a naɗe ta daban. A ƙirga komai, a nemi a rubuta adadin da aka karɓa a ba shi shaida.

Game da firamar nan, ko ba ta jiƙe ba ba ta da amfani a gidanku. A Amurka mutum na sayen firama da hoda ya sake cika kwansonsa a gida, daga can yawancin bayanan da ake gani a intanet suke fitowa. A Ghana dokar makamai da harsasai ta 1972, NRCD 9, ta hana ƙera bindiga ko harsashi sai da rubutaccen izinin gwamnati. Harsashi daga dillali mai lasin ake saye. Tunda zai je, ya tuna lasin a ƙarshen Disamba yake ƙarewa kowace shekara. Haramcin farauta kuma daga 1 ga Agusta ne zuwa 1 ga Disamba, akranti ne kaɗai aka cire, shi ma da takardar hukumar namun daji.

Baba Maharbi Ejura:

Ba wanda ya tambayi bindigar. Idan ita ma tana ƙarƙashin gadon, yau za a duba ta, ba gobe ba. A tabbatar ba komai a ciki, a cire katakon gaba, a raba bututu da jiki. A wanke lakar cikin bututu, a zura busasshen tsumma har ya fito fari, sannan mai kaɗan. Inda ake mantawa shi ne ramin allura da sifirin ɗinta. Laka da tsatsa a nan suna rage ƙarfin bugu, sai sabon harsashi ya ƙi tashi a ɗora wa dillali laifi, ko allurar ta maƙale a waje, wanda ya fi muni, don bindiga na iya tashi lokacin rufewa. Idan ba ku iya kwance wurin ba, mai gyara da hukuma ta sani ya kwance. Katakon ya bushe a inuwa, rana tsaga shi take.

Ajiyar gaba kuma, Kumasi ko ba ambaliya laima kaɗai tana cin harsashi, damina biyu muke yi a shekara. A samu akwatin ƙarfe ko na roba mai zoben roba a murfi, a bar harsasan a kwalinsu, a jefa ƙunshin silika jel, irin wanda ke zuwa a kwalin takalmi amma babba. Mai launi ya fi, shuɗin idan ya koma ruwan hoda ya ƙoshi, sai a gasa shi shi kaɗai a zafi wajen digiri 120 na awa biyu a mayar. A rubuta watan saye a kowane kwali, tsoho ya riga sabo fita. Akwatin ya hau sama da inda ruwan Talata ya bar zane a bango da aƙalla kamu biyu, nesa da kicin da garken tumaki, a sa kwaɗo, mabuɗin a hannun Baba. Bindiga wuri daban, harsashi wuri daban. Kuma a daina sayen kwali huɗu lokaci ɗaya idan biyu ke kai shi ƙarshen kaka.